Ƙeyar Jirgi

Mijina Sedick ne ya ce bana a Kalk Bay za mu yi hutun Disamba, kuma ya faɗe ta ne bakinsa cike da shinkafa, kamar mai neman a miƙo masa gishiri. Ɗanmu Faiek ya dubi matarsa, matarsa ta dube ni, ni kuwa na dubi tukunya. Mutumin da in an ce teku sai ya ce ai ruwan gishiri ne, ana iya haɗa shi a kicin, yau shi ne zai naɗe ƙafa a mota tun daga Kimberley har Cape Town.

"Akwai wata kwana a layin dogon can," in ji shi. "Jirgi a gaba, teku a baya, dutse a gefe. Duk mai kyamara ya san wurin."

Na ce, "To, Allah ya kai mu."

Ba wanda ya ambaci Nazli. Nazli ita ce autarmu, kuma shekara huɗu ke nan sunanta ba ya hawa teburin cin abincinmu.

Sedick ya yi shekara talatin yana haɗa taragai a yadin jirgin ƙasa. A zamaninsa, na mulkin wariya, mai launin fatarmu ba ya shiga ɗakin direba sai in shara zai yi. Ya bar aikin da gwiwa ɗaya mai rai, ya sayi kyamara, ya koma yana bin jiragen nan yana ɗaukarsu hoto kamar amare. Son jirgi ya yi masa yawa, amma daga waje. Ya sha rantsewa cewa babu jininsa da zai ci abincin layin dogo. Sai ga Nazli ta baro kwalejin malamai a shekara ta biyu, ta ce ita direban jirgi za ta zama.

"Direba?" ya ce mata. "Ke dai ƙarshenki busa wa 'ya'yan wasu usur."

Ita kuma ta ce, "In ban zauna a kujerar gaba ba, kar ka ƙara kirana 'yarka."

Ya ce ya ji ya karɓa. Ta haɗa jakarta ta tafi Cape Town. Kai ɗaya Allah ya ƙera ya raba musu biyu, ni kuma aka bar ni a tsakiya ina dafa abinci.

Jarrabawar direbobi ta zauna ta sau biyu, ba ta ci ba. Gadi ce yanzu a layin Simon's Town, tana taragon ƙarshe, ita ke duba ƙofofi, ita ke busa usur jirgi ya tashi. Wato daidai abin da ubanta ya faɗa. Ranar da ta gaya mini a waya ta ce, "Mama, in kika gaya masa ban yafe ba." Na riƙe bakina.

Wadda ta ɓata lissafi ita ce yayata, Tietie Mymoena, wadda in ta ga kyanwa a Cape Town kafin ta iso Kimberley ta zama zaki. A wani biki ta tare shi da kiran Boeta, wato ɗan'uwa a bakinmu, ta ce, "Boeta Sedick, ashe Nazli ce ke jan jirgin Simon's Town ba ku gaya wa mutane ba?" Ya ce shi bai san mai wannan suna ba. Daga nan ya ci biryani faranti uku, wata na zagayowa ya sayi wani dogon bakin kyamara mai kama da tabarya, wanda ke iya jawo ƙuda daga kan hasumiya. Ban gyara masa ba. Ta yaya zan gyara zancen wadda ya ce bai sani ba?

Gidan da Faiek ya kama mana yana can saman tudu, sai an hau matakala har numfashi ya ƙare. Na ce yau gwiwar Sedick za ta gane kurenta. Ina, ana idar da sallar asuba ya saɓa ƙarfensa mai ƙafa uku na ɗora kyamara ya gangara kamar saurayi. Jikoki suna ta roƙon ya zo ya ga sun koyi iyo a tafkin Dalebrook, ya ce yana zuwa, bayan jirgin ƙarfe tara. Bayan na ƙarfe tara akwai na tara da rabi. Hutun iyali ne, amma iyalin ba su ga fuskarsa ba sai an zuba abinci.

Ran Laraba na ɗauki shayi da samosa na bi shi in ga abin da ake yi a kwanar nan. Na same shi manne da katangar da ta raba layi da titi, tare da wani tsohon Bature mai jan wuya da ake kira Oom Tienie. Shi tsohon direban jirgi ne, irin waɗanda a da Sedick ke cire wa hula. Yanzu ga su nan kafaɗa da kafaɗa suna zagin sabbin jirage, suna shan shayi a murfin fulas ɗaya.

Jirgi ya taso daga St James. Su biyun suka yi tsit kamar an tayar da salla. Kan jirgin ya shawo kwana, na ji ƙyas ƙyas ƙyas, shi ke nan. Kan na wucewa suka sunkuyar da kai kan kyamarorinsu suna duba abin da suka kamo. Sauran taragan suka yi ta wucewa dab da hancinsu, cike da mutane da tawul da kwandunan abinci, ko kallo ba su ishe su ba. Na leƙa na ƙarshen, wani gadi ne mai gemu, ba tawa ba.

Na ce, "Ku ba kwa ɗaukar bayan ne?"

Sedick ya dube ni kamar na ce a sa sukari a miyan kifi. "Galiema, ana ɗaukar mutum hoto ta ƙeya?"

Oom Tienie ya yi dariya har samosa ta sarƙe shi. "Uwargida, duk wanda kika ga ya ɗauki ƙeyar jirgi, makara ya yi. In ya kai mana ita ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoton jirgi, sai mun shekara muna tsokanarsa."

Bayan azahar kullum Sedick zai zauna a baranda ya ɗora tabarau biyu a hanci, ya buɗe hotunan, ya yi ta jawo gilashin gaban jirgi yana ƙara masa girma. Wani hoton ya sami mai sanƙo, wani ya sami ƙato yana hamma, yawanci dai hasken rana ne kawai a kan gilashi. Na tsaya a bayansa da tiren shayi.

"Me ake nema?"

"Lambar jirgi."

"Ashe a cikin gilashi suke rubuta ta yanzu."

Ya ci gaba da jawo gilashinsa. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin dariya yake ba ni. Na ce a raina bar shi ya nema, shekara huɗu yana wahalar da mu, sati ɗaya na leƙen gilashi ba zai kashe shi ba. Ban tsaya na yi tunanin cewa wanda ke cikin jirgi ma yana da ido ba.

Ran Alhamis na ce za ni Fish Hoek sayen zare, na je na sami Nazli a lokacin hutunta na rana. Tana zaune a benci bayan tasha da rigar aiki, ta buɗe kwanon abinci ba ta taɓa ba. Na rungume ta, jikinta a sandare.

"Tun ran Litinin nake ganinsa," ta ce.

"Wa?"

"Mama, don Allah. Mutum nawa ne a duniya ke sa hular sanyi a zafin Disambar ƙasar nan?" Ta rufe kwanon. "Ranar farko na ɗaga masa hannu. Ni, da na rantse. Na leƙo har kafaɗa na ɗaga hannu kamar 'yar firamare. Ina zuwa daidai shi ya sunkuyar da kai. Talata haka. Laraba haka. Tsakanina da shi bai fi daga nan zuwa kwandon sharar can ba."

"Hoto yake dubawa, 'yar nan. Haka suke duka, har da Baturen."

"Kar ki kare shi."

"Ba kare shi nake ba. Bai ma san kina wurin ba. A gaba yake nemanki. Mymoena ta gaya masa ke ce direba."

Na ɗauka wannan zai sanyaya mata rai. Sai na ga fuskarta ta canza, ta zama ta ubanta sak.

"Ashe direba ya zo nema," ta ce. "To ki ce masa babu ita. A'a, kar ma ki ce masa komai, alkawarinmu yana nan." Ta miƙe tana gyara igiyar usur a wuyanta. "Asabar ce ranata ta ƙarshe a layin nan, an mayar da ni na arewa. Ina cikin jirgin goma saura kwata. In ya ɗago ya dube ni, ni ɗin nan da ke baya, to. In bai ɗago ba, Mama, ki daina kawo mini gaisuwar da bai aiko ba. Na gaji."

Na koma gida ba zare. Mu ma ran Asabar ɗin za mu kama hanya da azahar. Na san 'yata, in ta rufe ƙofa har da sakata take sawa. Shi kuma gogan shekarunsa sun ja, ga ciwon suga, ban ga wata shekara huɗu a aljihunsa da zai ƙara kashewa a fushi ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Ran Juma'a na gwada dabara. Na ce ni dai ina sha'awar hoton bayan jirgi, da jar fitilar nan, in rataya a kicin. Ya ce zai saya mini kalanda. Na ce shekara arba'in da ɗaya muna tare ban taɓa roƙonsa hoto ba. Ya ce shi ya sa aurenmu ya yi ƙarko. Na so in ɗauki tabaryar nan tasa in auna ta a kansa.

Asabar da safe Faiek yana ta cusa kaya a mota, matarsa tana neman takalmin yaro ƙafa ɗaya. Sedick ya saɓa ƙarfensa zai gangara. Na bi shi, muna tsakiyar matakala na riƙe masa hannun riga.

"Sedick, tsaya. Ba a gaba take ba."

"Wa?"

"In ka sake ce mini wa, zan tura ka ka ƙarasa gangarawa da ka. Nazli. Ba direba ba ce. Gadi ce, tana taragon ƙarshe."

Ya kalli rufin gidajen da ke ƙasa. Can ya ce, "Usur."

"Usur."

"Ai dama na..."

"Wallahi in ka ƙarasa maganar nan, motar can ba da ni za ta koma ba."

Ya rufe baki. Na gaya masa sauran, yadda take wuce shi kullum, da yadda yake kifa kai a kan kyamara daidai lokacin da ta iso. Da na zo wurin ɗaga hannu sai ya nemi matakala ya zauna, ƙarfen ya zame daga kafaɗarsa ya bugi bango.

"Ta ɗaga mini hannu?"

"Ran Litinin."

"Ran Litinin hoton ma bai yi kyau ba," ya ce.

Muka isa kwana da sauran lokaci. Oom Tienie yana ta rawar jiki, wai wani abokinsa ya bugo daga Muizenberg ya ce jirgin da ke tafe wanda aka sake wa fenti ne, fes, ko ɗigon rubutun 'yan iska babu a jikinsa. Ga iska ta kwanta, ga ruwa ya cika yana dukan duwatsu yana tashi fari. Ya ce rabonsa da irin wannan safiya tun matarsa na da rai.

Sedick ya kafa ƙarfensa. Ya dubi inda jirgin zai ɓullo, ya daɗe yana duba. Sai ya ɗaga ƙarfen gaba ɗaya ya juya shi, ya saita bakin kyamara wajen Kalk Bay, inda jirgin zai nufa in ya wuce. Shi ma ya juya ya tsaya a bayanta.

"Boeta, lafiya?" in ji Oom Tienie. "Ta nan zai zo."

"Na sani."

Hawaye ya cika mini ido. Na ce yau ga mutumin nan ya sauko. Ina cikin wannan daɗin jirgi ya shawo kwana, kuma gaskiyar Oom Tienie, ya yi kyau har ni da ba ruwana na gani. Na miƙa wuya ina neman taragon ƙarshe. Ga ta can ta leƙo, iska tana kaɗa ɗankwalinta, tana hango gaba. A lokacin ne na ga abin da take gani. Sati guda ubanta yana sunkuyar mata da kai, yau kuma, ranar ƙarshe, ya juya mata baya ɗungurungum tun daga nesa.

Na ɗaga hannu biyu ina kiran sunanta, ƙarar ƙarfe ta haɗiye muryata. Kanta ya koma ciki. Tagar ta rufe. Taragon ya zo ya wuce mu, Sedick ya danna, ya sake dannawa, ya ɗago fuska yana murmushin da ya tanada. Ba kowa, sai taga a rufe da jar fitila tana nisa.

"Ka yi asarar hoton shekara, Boeta," in ji Oom Tienie, da tausayi har zuciya. "Kuma ba zan gaya wa 'yan ƙungiya ba."

Na fashe da faɗa. Na ce wane irin mutum ne wannan da ko abin kirki zai yi sai ya yi shi a baibai? Wa ya ce ya juya? Ɗago kai kawai aka ce, ɗago kai, abin da jariri ke yi a wata uku. Yana tsaye yana saurare, karon farko a rayuwarmu bai katse ni ba. Da na gaji na yi shiru, ya kwance kyamarar ya miƙa wa Oom Tienie ya ce ya riƙe masa.

"Direba yana iya zama a ɗakinsa har ƙarshen layi ba a gan shi ba," ya ce. "Gadi kuwa dole ta sauko a kowace tasha. Doka ce. Jirgin zai juyo daga Simon's Town."

Muka taka zuwa tashar Kalk Bay, yana jan gwiwa. Bai tsaya inda mutane suke ba, ya wuce can ƙarshen dandamali ta wajen kwale-kwalen masunta, ya dubi ƙasa, ya ƙara taku kaɗan, ya tsaya. Faiek ya yi ta bugo waya. Na ce ya saya wa yara askirim, ya daina damuna. Mun fi awa a wurin, rana tana dukanmu, ƙarnin kifi yana tasowa. Na ce ya shirya abin da zai faɗa. Ya ce ya shirya.

Jirgin ya shigo ya tsaya, ƙofar gadi ta zo daidai ƙafarsa. Nazli ta sauko da usur a baki, idonta jawur, ta juya za ta duba ƙofofi, ta yi kiciɓis da shi. Na ga ya buɗe baki, na ce to, ga jawabin nan zai fito. Idonsa ya sauka ƙasa.

"Takalman nan sun yi miki yawa," ya ce.

Ta cire usur ɗin a hankali. "Haka aka ba ni."

"Ki riƙa sa safa biyu. Ta ciki ki juya ta, ɗinkin ya koma waje. In ba haka ba kafin sanyi ya shigo dugaduganki sun tashi aiki. Haka nake yi a da a yadi."

Tunda nake da shi ban taɓa jin ya koya wa wani ko ƙwayar abu ɗaya daga aikin nan ba. In an tambaye shi ma sai ya ce ya manta.

Nazli ta dube ni, na san na karya alkawari, na kuma san za a yi shari'ata daga baya. Ta sake dubansa. Sannan ta ce, "Baba, matsa baya kaɗan, za mu tashi." Ya matsa. Ta duba gaba, ta duba baya, ta sa usur a baki ta busa, sai iska kawai ta fito. Ta goge fuska da hannun riga ta sake busawa, wannan karon ya yi ƙara. Ta hau, jirgi ya ja. Ba ta ɗaga hannu ba, amma ba ta rufe tagar ba, tana leƙe har suka sha kwana.

A mota haushinsa nake ji har muka haye duwatsu. Shekara huɗu, tafiyar yini guda, kuɗin haya, kuma abin da ya samu ya gaya wa 'yarsa shi ne maganar safa. Muka kwana a Beaufort West saboda yara. Washegari muna kan hanya saƙo ya shigo wayata. Na karanta a zuci, sannan na karanta a fili, don Faiek ma ya ji.

"Mama, ki ce masa na sa biyu. Ya fi."

Sedick yana kujerar gaba, bai waiwayo ba. Ya ce in sake karantawa. Na sake.

"Ita ba ta da lambata ne," ya ce, "sai an yi mini aike?"

Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa, wadda kullum a kashe take don wai tana cin caji, ya kunna ta ya ɗora a cinya. Hanyar nan akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa na tsawon lokaci. Duk inda ya ɗauke sai ya ce wa Faiek ya ɗan ƙara wuta.